Stranger Things ko Dark: wanne ya fi, kuma wanne ya kamo shekarun 80 da gaske?

'Yar uwa, na ga tambayarki tun jiya da daddare, cewa kina son fara ɗaya tsakanin Stranger Things da Dark amma kin rasa wanda za ki ɗauka, kuma kin ga ana ta musu kan ko da gaske haka shekarun 1980 suke ko kuwa kwalliya ce kawai ta 'yan fim. Amsoshin da aka baki duk guntaye ne, wannan yace Dark ya fi, wancan yace ƙarya ne, ba wanda ya faɗi dalili. Toh ni na kalli duka biyun, Dark ma sau biyu don a karon farko kaina ya ɗaure, bari in zauna in baki nawa, zan yi ƙoƙari kar in fasa miki ƙwan labarin.

Abinda yasa ake yawan haɗa su bai da wuyar ganewa. Duka na Netflix ne, duka a ƙaramin gari wanda babu shi a taswira, duka yaro ne ya ɓata a daji da daddare, duka akwai wani babban gini mai shinge a gefen gari da ake ɓoye wani abu a ciki. Stranger Things ya fito a Yulin 2016, garinsu Hawkins a jihar Indiyana ta Amurka, labarin ya fara ranar 6 ga Nuwamban 1983 da ɓatan Will Byers. Dark ya fito a Disambar 2017, shine fim mai dogon zango na farko da Netflix suka yi da Jamusanci, garinsu Winden, yaron da ya ɓata Mikkel, a 2019 ya ɓata amma labarin yana ta komawa 1986 da 1953. Lokacin da ya fito mutane da yawa cewa suka yi ai Stranger Things ɗin Jamusawa ne, wallahi wanda duk ya wuce kashi na uku ya san wannan magana bata da tushe, kamar ace tuwo da fura ɗaya ne don duk daga gero suke.

Ga abu ɗaya da in kin riƙe shi sauran duk za su zo miki da sauƙi. Tagwayen da suka ƙirƙiri Stranger Things, Matt da Ross Duffer, a 1984 aka haife su. Kenan ranar da Will ya ɓata a labarin ko haihuwarsu ba a yi ba. Shekarun 80 ɗin da suka sani a kaset ɗin bidiyo suka gan shi, finafinan Spielberg da John Carpenter da littattafan Stephen King, kuma su da kansu basu taɓa ɓoye hakan ba. Su kuwa Baran bo Odar da Jantje Friese masu Dark, 1978 da 1977 aka haife su, lokacin da tashar nukiliyar Chanobil ta fashe ranar 26 ga Afrilun 1986 suna da wayonsu, 'yan shekara takwas zuwa tara, a Jamus, ƙasar da aka hana yara wasa a rairayi, ake tsoron madarar shanu da ganye da naman kaza saboda abinda ruwan sama ya sauko da shi. Don haka ɗaya yana baki zamanin yadda fim ya nuna shi, mai daɗi, mai sa kewa ko da baki rayu a ciki ba, ɗayan kuma yana baki shi yadda yaro mai jin tsoro ya tuna shi.

Bari in fara da Stranger Things don a nan ne musun ya fi zafi. Ta wajen kaya kam sun yi ƙoƙari ba kaɗan ba, musamman zango na ɗaya. Gidan su Joyce, uwar Will, ki duba shi da kyau, bangon katako, kujeru ruwan ƙasa da suka sha jiki, wayar tarho a manne a bango mai igiya, ba abin 1983 ko ɗaya da yake sabo, duk ragowar shekarun 70 ne, kuma haka gidan talaka yake, ba wanda yake canza kujeru don shekara ta canza. Da wayar ta ƙone sai da ta je kantin da take aiki ta roƙi mai kantin ya bata wata bashi. Yara na yawo a keke har dare ba mai nemansu, suna magana da oba-oba, suna buga wasan Dungeons & Dragons a ɗakin ƙasa na awa goma.

Akwai kawuna da yayi karatu a wata jami'a a tsakiyar Amurka tun daga farkon shekarun 80, yanzu ya yi ritaya. Wata rana ya same ni a falo ina kallon zangon farko, ya zauna da niyyar minti biyar, shayinsa har ya huce a hannu. Abinda ya fara kama idonsa ba dodon fim ɗin bane, tokar sigari ce. Yace kaga wannan, haka yake, a ofis ana sha, a gidan abinci ana sha, a jirgin sama ma ana sha, in ka dawo ɗaki rigarka wari take. Joyce da Hopper, shugaban 'yan sandan garin, kam kamar bututun masaƙa suke, har a 2019 da zango na uku ya fito masu yaƙi da taba suka yi ca, Netflix suka ce za su rage nuna sigari a sabbin shirye-shiryensu. Kinga abin dariya, abinda ya fi komai zama gaskiyar zamanin shi aka fi yi musu faɗa a kai.

Amma da na nuna masa zango na uku daga baya sai ya taɓe baki. Wannan a bazarar 1985 yake, an buɗe katafaren kanti mai suna Starcourt, ko'ina fitilu ja da shuɗi da ruwan hoda, kowa ya sa kaya masu ƙyalli kamar ana sallah. Yace wannan shekarun 80 ɗin talla ne, mu a ruwan ƙasa da ruwan toka muka rayu. Kuma wannan korafin ba shi kaɗai ba, Amurkawa da yawa da suka yi yarinta a lokacin haka suke cewa, zangon farko ya yi kama da gida, na uku ya yi kama da tashar waƙoƙi ta MTV. Duk da haka akwai gaskiya a ciki, yadda babban kantin ya kashe ƙananan shagunan tsakiyar gari abu ne da ya faru a garuruwa da yawa, kuma a wani tsohon kanti na gaske suka ɗauka, Gwinnett Place a jihar Jojiya, wanda shi kansa a 1984 aka buɗe shi. Sun saka New Coke da kamfanin Coca-Cola ya fitar a Afrilun 1985 mutane suka ƙi shi, sun saka Back to the Future a silima wanda ya fito 3 ga Yulin shekarar, kwanan watan ya zauna daram. Sai dai batun Rashawa sun haƙa sansani a ƙarƙashin kanti a tsakiyar Indiyana suna yawo da kakin soja ba wanda ya gani, wannan kam ba tarihi bane, tsoron Sobiyet ne irin na finafinan lokacin Reagan aka kwaso aka zuba, ni anan na fara jin sun soma wasa da hankalina.

Sai masu ido kamar na shaho, waɗanda ke tsayar da fim su zuƙo hoto. Su ne suka gano jan alewar M&M's a hannun Mike, abokin Will, a 1985, alhali kamfanin ya janye ja tun 1976 bai dawo da shi ba sai 1987. Su ne suka gano lambar Planck, wata lamba ta kimiyyar fiziks, da Suzie ta karanto wa saurayinta Dustin ta rediyo, 6.62607004, ƙiyasin 2014 ce, a 1985 masana fiziks 6.626176 suke amfani da ita, wato yarinyar ta riga duniya da kusan shekara talatin. Wanda yafi bani dariya shine na ranar haihuwar Will. A zango na biyu uwarsa ta faɗa da bakinta 22 ga Maris, a zango na huɗu aka nuna kyamara ɗauke da kwanan wata 22 ga Maris 1986 kuma ba wanda ya ce masa ko sannu, mutane suka yi ta tausayinsa ana cewa kai marubutan nan akwai zurfin tunani, ashe mantawa suka yi, da bakinsu suka amsa. Haka Eddie, wani saurayi a zango na huɗu, da ya kaɗa waƙar Master of Puppets ta ƙungiyar Metallica da jita, faifan ya fito 3 ga Maris 1986, labarin yana faruwa a ƙarshen watan, kenan cikin sati uku da 'yan kwanaki ya haddace ta da kunne ba intanet, masu jita suka ce ko dai aljani ne ko bai yi barci ba.

Ni a ganina waɗannan duk ƙananan abubuwa ne, jan alewa bai ɓata min komai ba. Inda fim ɗin ya fi kaucewa gaskiya ba a kaya bane, a mutane ne. Kawun nawa da ya ga Lucas, yaro baƙar fata ɗaya tilo a cikin abokan, yana shiga gidajen Turawa yana fita, har daga baya yana soyayya da Max, yarinya Baturiya, sai yayi shiru can yace, a ƙaramin gari irin wannan a lokacin, da abin ya fi haka ɗaci. Fim ɗin ya taɓa batun, akwai yaron da ke tsokanarsa da launin fatarsa a makaranta, akwai Billy yayan Max da ya tsane shi ba tare da an fito an faɗi dalili ba, amma taɓawa ce irin ta wanda yake tsoron ƙona yatsa. Sun fi son ki ji daɗin zamanin akan ki ji nauyinsa. Inda suka yi jarumta shine zango na huɗu, firgicin bautar shaiɗan da ya kama Amurka a lokacin, iyaye da malaman coci suna cewa Dungeons & Dragons hanyar tsafi ce, har shirin 60 Minutes yayi rahoto akai a 1985. Yadda gari ya taso wa Eddie don kawai yana da dogon gashi yana jin kiɗan heavy metal mai hayaniya, wannan ya faru da mutane na gaske, Duffer ɗin ma sun ce daga labarin Damien Echols suka samo shi, wanda aka ɗaure a Arkansas kan kisan 1993 aka sake shi a 2011. Haka gwaje-gwajen da aka yi wa uwar Eleven, yarinyar nan mai baiwa a fim ɗin, MKUltra shiri ne na gaske na CIA da aka fara a 1953.

Toh Dark fa. Abin mamaki shi ba a cika kama shi da irin waɗannan kurakuran ba, kuma ina ga dalili biyu ne. Na farko bai cika baje kaya ba, ba ya ɗaga miki abu a gaban kyamara yace kin tuna wannan? Na biyu kuma yawancin masu kallo a waje basu san Jamus ta Yamma ta 1986 ba balle su kama kuskure. Abinda ya saka kaɗan ne amma kowanne da aikinsa. Cakulan Raider misali, wanda shine Twix amma a Jamus sunansa Raider har 1991, Bajamushe na ganin takardar a yashe a daji a 2019 ya san akwai matsala tun kafin 'yan sanda su sani. Kwabon pfennig mai ɗauke da 1986 a wuyan gawa, wokman, waƙar Nena, talabijin a wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa yana ta nuna bidiyon waƙa ga yaron da aka kulle. A Stranger Things in aka sa tsohuwar waƙa daɗi za ki ji, a Dark in aka sa gabanki ne zai faɗi.

Kuma Chanobil yana ko'ina ba tare da an je can ba. Wata shida kenan da fashewar, garin Winden kuwa da tashar nukiliya yake ci yake sha, tsuntsaye na faɗowa matattu, tumaki 33 sun mutu a gona dare ɗaya, mutane na kallon ruwan sama da zargi, Claudia ta karɓi shugabancin tashar a matsayin mace ta farko tana buɗe takardu tana ganin lissafi bai daidaita ba. A zahiri ma a Yunin 1986 gwamnatin Helmut Kohl ta kafa ma'aikatar muhalli ta tarayya saboda wannan firgicin. Har da nasu ɗan batun shaiɗan, ɗan sanda Egon yana zargin saurayi Ulrich da tsafi saboda kiɗan da yake ji, kinga anan su biyun sun haɗu, kuma Dark ya riga da kusan shekara biyar.

Amma shima ba wankakke bane. Winden gari ne da baya kama da ko'ina, ba karin harshen wani yanki, kusan ba a maganar katangar Berlin ko Jamus ta Gabas, kullum ruwa, kullum duhu, ba mai dariya. Akwai Jamusawan da suka ce ba wanda yake magana haka a gida, kowa na zuba falsafa kamar yana karanta littafi, kuma da gaskiyarsu, a kashi 26 ban tuna sau nawa na ga haƙoran wani ba. Sannan lissafinsu na shekara 33 tsakanin zamani da zamani yana tsallakawa daga 1920 da 1921 zuwa 1953 da 1954, wato ya haye zamanin Hitila gaba ɗaya, 1933 zuwa 1945, fim ɗin da duk jigonsa laifin iyaye da ke bin 'ya'ya ne amma ya zagaye babban laifin, ko da gangan ne ko dabara ce ta kauce wa rigima, na bar miki.

Abinda ya fi burge masu kallon Dark ma ba zamanin bane, zaɓen 'yan wasa ne. Mutum ɗaya za ki gan shi yana yaro, yana magidanci, yana tsoho, mutane uku daban suka fito amma sai ki rantse ɗaya ne aka yi wa kwalliya, musamman Ulrich. Stranger Things kuwa nan ne ya sha kashi, labarin shekara huɗu ne kacal, 1983 zuwa 1987, amma nuna shi ya ci daga 2016 har ƙarshen 2025, Millie Bobby Brown da ta fito a Eleven tana 12 da aka fara nunawa, kafin a gama ta yi aure. Sai kiga ƙato da murya kamar ta babansa wai ɗan sakandare ne akan keke, dole ki rufe ido ɗaya.

Ta wajen tasiri kuma ba a haɗa su. Stranger Things ya sa yaran da aka haifa bayan 2000 suna kewar zamanin da ko iyayensu ƙila basu gama wayo ba. Waƙar Running Up That Hill ta Kate Bush da ta fito a 1985 ta tsaya a lamba uku a Ingila, sai a Yunin 2022 ta hau lamba ɗaya, bayan shekara 37, saboda Max ta saka ta a kunne. Dark bai sa kowa ya sayi komai ba sai dai rigar ruwa ruwan ɗorawa irin ta Jonas, jarumin fim ɗin, abinda ya sa mutane yi shine zana bishiyar dangi a takarda. Nima na yi, bayan kwalin magani na fara rubutawa, wane ɗan wane, wance matar wane, zuwa zango na biyu kibiyoyin sun fara komawa inda suka fito, na yage na ɗauko babbar takarda.

Sai abinda ya kamata ki sani kafin ki kunna a falo. Dark ba na kallo da yara ko gaban surukai bane, akwai wuraren tsiraici da kwanciya tun kashin farko, akwai rataye kai, akwai dangantakar da in kika gano ta sai kin ce a'uzubillahi. Stranger Things ya fi sauƙi amma shima ba katun bane, akwai sumbace-sumbace na samari, akwai batun masu son jinsi ɗaya daga zango na uku zuwa gaba, zango na huɗu kuma ƙasusuwa ake karyawa a gabanki, ni kaina sai da na kunna fitila. Ki lura da data ma, Dark zango uku ne kashi 26 ya ƙare a Yunin 2020, Stranger Things zango biyar ne kashi 42, kuma kashin ƙarshe na zango na huɗu shi kaɗai ya haura awa biyu.

In ni ne ke, da Stranger Things zan fara, ko zangon farko kaɗai, kashi takwas ne kuma shine mafi kama da 1983 ta gaske a duk cikinsu, in ya miki ki cigaba, in kin tsaya a nan ma baki yi asara ba. Dark ki ajiye shi sai lokacin da kike da natsuwa, ba a kallonsa ana danna waya ko ana tuƙa tuwo, minti biyu kika ɗauke ido kin ɓata. Kuma don Allah ki bar shi da Jamusancinsa ki kunna rubutun fassara a ƙasa, muryoyin Turancin da aka ɗora masa sun kashe shi, na gwada kashi ɗaya na mayar. Amsar wanne ya fi kamo zamanin kuwa, a wajena Dark ne, duk da kayan da ya nuna basu kai rubu'in na ɗayan ba. Kawu dai bai kalli Dark ba, yace shi bai je Jamus ba kuma idonsa baya iya bin rubutun ƙasa, amma ya sa na tura masa zango na biyu na Stranger Things a filashi.